Wa ya fara shigo da Bach da Paganini cikin jitar lantarki?

Mai Tsirkiya Shida:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da tambaya ga manyanmu a harkar jita. Kwanakin nan kunnena bai rabu da faifan Yngwie Malmsteen na farko ba, wato Rising Force na 1984, musamman "Far Beyond the Sun" da "Black Star". Abin da ya ɗaure min kai shi ne, kayan kiɗan duk na metal ne, wato rok mai nauyi da ƙara, ga ganguna ga rugugin amfilifaya, amma abin da yatsunsa ke faɗa ba irin na sauran 'yan rok ba ne, sai ka ce gogen Turawa ake ja. Wani aboki ya ce min shi kaɗai ya ƙirƙiro wannan salo. Haka ne? Kuma wanda ke son koya, ta ina zai kama?

Kawu Bala:
Wa alaikumus salam. Ɗana, abokin naka ya tsallake shekara goma sha biyar na tarihi. A watan Satumba na 1969, Yngwie yana ɗan shekara shida, ƙungiyar Deep Purple ta hau dandamalin Royal Albert Hall a Landan tare da makaɗan kilasik na Royal Philharmonic, Malcolm Arnold yana jagorantarsu. Jon Lord mai kaɗa musu ogan shi ya rubuta kiɗan. Sai dai ni ban ɗauki wannan daren a matsayin mafari ba, domin an dai zaunar da su a zaure ɗaya, amma kowane ɓangare nasa yake yi. Shi kansa Ritchie Blackmore, mai kaɗa musu jita, abin bai kwanta masa ba, ya matsa aka koma kiɗa mai nauyi, suka fitar da In Rock a 1970.

Inda abin ya haɗu da gaske shi ne "Highway Star" a faifan Machine Head na 1972. Je ka saurari wurin da jita ke tafiya ita kaɗai. Kafin nan, yawancin 'yan rok daga buluz, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, suke ɗiban abin da suke kaɗawa, sauti biyar, a ja tsirkiya ta yi kuka, a sake ta. Blackmore kuwa zama ya yi ya tsara nasa sauti bayan sauti, a kan jerin kod Dm, Gm, C, A (kod shi ne sautuka da dama da ake bugawa tare), kuma ya faɗa da bakinsa cewa daga Bach, tsohon gwanin tsara kiɗan kilasik na Jamus, tunanin ya zo masa. Bayan ya kafa ƙungiyar Rainbow a 1975 ma bai bari ba. A 1981 ya ɗauki waƙar ƙarshen simfoni na tara na Beethoven ya mayar da ita "Difficult to Cure". Shi Yngwie ɗin ai faifan Fireball na Deep Purple yayarsa ta ba shi yana ɗan shekara takwas. Har baƙaƙen kayan da yake sawa da irin jitar da yake riƙewa, Fender Stratocaster, duk sawun Blackmore ne.

Injiniya Habu:
Kawu, a gafarce ni, kada a manta da Bajamushen nan Uli Jon Roth na ƙungiyar Scorpions. "Sails of Charon" a faifan Taken by Force, 1977. In ka sa wa mutum farkon wannan kiɗan ba ka gaya masa shekarar ba, zai ce na 1985 ne. Gudun, da tsaftar sautin, da irin tsanin sautukan da ya hau, komai ya riga ya tsaya da ƙafarsa a nan. Yngwie ya san da haka, shi ya sa ya sake kaɗa ta a faifansa Inspiration na 1996, tare da "Gates of Babylon" ta Rainbow da waƙoƙin Deep Purple da dama. Faifan nan tamkar ya jera malamansa ne ya gaishe su.

Kawu Bala:
Gaskiyarka Injiniya. Roth ya fi cancantar a ambace shi fiye da yadda ake yi.

Mai Tsirkiya Shida:
To in haka ne me Yngwie ya ƙara? Don ni da na saurari "Highway Star" yanzu, na ji dangantakar, amma wallahi ba ɗaya ba ne.

Anti Saratu:
Ƙanena, kunnenka bai yaudare ka ba. Ni fiyano nake koyarwa, ba jita ba, amma bari in faɗi abin da nake ji. Blackmore ɗan buluz ne da ke kai ziyara gidan Bach. Yakan shiga, ya ɗauki abin da ya ɗauka, ya koma inda ya fito. Yngwie kuwa tun yana yaro a Sitokholm ya ga Gidon Kremer a talabijin yana kaɗa Paganini, daga nan ya daina kallon masu jita a matsayin abin koyi, ya koma kallon masu goge. Wannan shi ne bambancin. Paganini, wanda aka haifa a Genoa a 1782 ya rasu a Nice a 1840, ya bar gajerun kiɗa 24 na goge shi kaɗai, waɗanda har gobe su ne ma'aunin ƙwarewa. Gogen Turawa tsirkiya huɗu gare shi, kuma tazarar da ke tsakanin tsirkiya da tsirkiya ta fi ta jita faɗi. Saboda haka abin da ke ƙarƙashin yatsun mai goge a wuri ɗaya, mai jita sai ya yi ta tsalle a kan wuyan jitarsa kafin ya kamo shi. Dole Yngwie ya sake wa hannunsa hanya gaba ɗaya, kuma wannan sabuwar hanyar ita ce abin da ya ƙara.

Kayan aikin nasa kuma ba su da yawa in ka ƙirga. Na farko tsani ne, wato jerin sautukan da ake hawa a sauka a kansu. Ɗauki A B C D E F G, ka ɗaga G ɗin da firet ɗaya, wato gaɓa ɗaya a wuyan jita, ya zama G#. Yanzu tsakanin F da G# akwai tazarar firet uku, kuma wannan ramin shi ne ɗanɗanon da kake ji. In ka fara wannan tsanin daga E maimakon A, wato E F G# A B C D, ka samu wanda ya fi so. Na biyu akwai kod ɗin da ake ginawa da tazarar firet uku uku. Tun da firet 12 ne ke mayar da kai sautin da ka fara, siffar hannunka ba ta canjawa, sai dai ka zame da ita firet uku sama, ka sake zamewa, sau huɗu ka dawo gida. Shi ya sa kake ganin hannunsa yana hawa kamar ba ya tunani. Na uku, a riƙe sauti ɗaya ana komawa kansa tsakanin kowane sauti na waƙar. Wannan na masu ogan ne, ka saurari Toccata da Fugue a D ƙarami da ake jinginawa Bach, za ka ji shi ɓaro ɓaro a farkon kashi na biyu.

Ɗan Damagaram:
Anti, wannan tsani na E F G# A da kika rubuta, ai kunnenmu ya san shi. Shi ne kusa da abin da Larabawa ke kira Hijaz, wanda makaranta Alƙur'ani da masu kiran salla da yawa ke bi. Ban ce ɗaya ne sak ba, domin a wurinsu tazarar ba ta tsaya daidai kan firet ba, sukan ɗan matsa da sautin na biyu da na uku. Amma na lura duk wanda na sa wa "Gates of Babylon" a nan, bai taɓa cewa ya ji Turai a ciki ba, gabas yake cewa.

Anti Saratu:
Haka ne malam, kuma Blackmore da gangan ya yi, gabas ɗin yake nema a wannan waƙar.

Baban Hanifa:
Ku yi haƙuri zan shigo da wata magana, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Duk wannan bayanin na ji, amma ni tambayata ita ce, me ake faɗa da wannan gudun? B.B. King, gwanin buluz, zai riƙe sauti ɗaya ya girgiza shi, ka ji tsigar jikinka ta tashi. Waɗannan kuwa su zuba maka sauti ɗari a numfashi ɗaya, in sun gama ba abin da ya rage maka a zuciya sai mamaki. Mamaki kuma ba ya daɗewa. Na saurari faya-fayan Yngwie na baya bayan nan, wallahi ban iya bambance wannan da wancan ba. Kiɗa magana ce, kuma mai magana da sauri ba shi ne mai hikima ba.

Injiniya Habu:
Baban Hanifa, kafin a amsa maka ta fuskar zuciya, bari in kawo ta fuskar na'ura, don akwai dalilin da ya sa salon ya ɗauki wannan siffar. Jitar katako in ka kaɗa tsirkiya, sautin nan take yake fara mutuwa. Amma in ka tura siginar jitar lantarki cikin amfilifaya fiye da ƙarfinsa, kamar yadda suke yi da amfilifayar Marshall, sai ya danne ƙololuwar sautin ya ɗago ƙasansa. Abu biyu ke faruwa. Sautin ya daɗe bai mutu ba, kamar ana jan baka a kan goge. Kuma taɓawa kaɗan ta isa ta fito da ƙara, ko da yatsan hagu kawai ka buga. Wannan ne ya buɗe ƙofar kwaikwayon goge tun farko.

Amma akwai kuɗin da ake biya. A cikin wannan ƙarar, in sauti uku ko huɗu suka fito lokaci ɗaya, sai su haifi wasu sautukan da ba ka kaɗa ba, komai ya dagule. Saboda haka ba ka da damar buga cikakken kod yadda mai fiyano ke yi. Mafita ita ce ka warware kod ɗin, sauti ɗaya bayan ɗaya, da saurin da kunne zai haɗa su da kansa. Mawaƙan zamanin Bach da Vivaldi sun riga sun warware wannan matsalar ga goge, wanda shi ma galibi sauti ɗaya yake bayarwa a lokaci guda. To gudun ba ado ba ne kawai, da shi ake nuna wa kunne jerin kod ɗin. Daga nan aka samu salon shara, inda hannun dama ke saukowa kan tsirkiyoyi a tafiya ɗaya, hannun hagu yana ɗaga kowane yatsa da zarar sautinsa ya fita. Aikin da ya fi wuya a ciki ba kaɗawar ba ce, kashe tsirkiyoyin da ba ka so su yi magana ne.

Baban Hanifa:
Na fahimci dalilin Injiniya, na kuma ƙaru. Amma dalili bai mayar da abu mai daɗi ba.

Kawu Bala:
Baban Hanifa, rabin maganarka na karɓa. Yngwie ya tsaya wuri ɗaya, wannan ba a musu, kuma tun da ya koma yin komai da kansa har da rera waƙa, faya-fayan sun rasa wanda zai ce masa a'a. Amma kada ka yi masa hukunci da na bayan nan. Koma kan "Black Star" ka bar gudun, ka saurari inda yake tsayawa a kan sauti ɗaya. Girgizarsa mai faɗi ce, a hankali, kuma ba ta kauce wa daidai. Masu kwaikwayonsa dubbai sun kamo gudun, amma girgizar nan ƙalilan ne suka samu. Kuma ka tuna a 1987 ya yi mummunan haɗarin mota, ya yi kusan mako bai san inda yake ba, jijiyar hannunsa na dama ta taɓu. Ya sake koya wa hannun aiki, ya fitar da Odyssey a 1988, a 1989 ya je ya cika zaure a Leningrad tun Tarayyar Sobiyet tana nan. Mutumin da ba abin da yake ji a ransa game da kiɗa ba zai yi wannan wahalar ba.

In kuma zuciya kake nema, ga Randy Rhoads. Mahaifiyarsa Delores tana da makarantar kiɗa mai suna Musonia a Arewacin Hollywood, a can ya tashi, a can ya fara koyarwa. Da ya shiga wurin mawaƙi Ozzy Osbourne suka yi Blizzard of Ozz a 1980 da Diary of a Madman a 1981. Saurari "Mr. Crowley". Ba ya gudu don gudu, kowane layi yana da inda ya dosa, za ka iya rera shi da baki. A faifan farko akwai ɗan gajeren kiɗa na jitar katako, "Dee", wanda ya yi wa mahaifiyarsa. Yaron nan yana tsakiyar shahara, amma in sun sauka a gari sai ya nemi malamin jitar kilasik ya biya a koya masa, har yana maganar barin yawon kiɗa ya koma karatu. Ranar 19 ga Maris 1982 ƙaramin jirgin da yake ciki ya faɗi a Leesburg ta jihar Fulorida, yana da shekara 25. Faifai biyu kacal ya yi da Ozzy, amma har yau ana koyar da su.

Anti Saratu:
Kawu, ƙari a kan Rhoads: buɗewar "Diary of a Madman" daga darasi na shida na Leo Brouwer aka ɗauko ta, mawaƙin jita ɗan Kuba, cikin darussan da ya rubuta wa masu koyo. Ba a sa sunansa a faifan ba, kuma wannan bai dace ba, ko da yake ina ƙaunar abin da Rhoads ya yi da shi.

Ni ma ina da tawa damuwar, amma ba irin ta Baban Hanifa ba ce. Ana cewa salon nan kiɗan kilasik ne aka sa wa lantarki, alhali ɗan yanki kaɗan aka ɗiba. An ɗauki gudun Vivaldi da jerin kod na Bach da bajintar Paganini. Amma abin da ya sa Bach ya zama Bach shi ne muryoyi uku ko huɗu su taho tare, kowace da tata waƙar, suna amsa wa juna ba tare da sun yi karo ba. Wannan kusan babu shi a wurin 'yan jitar nan. Layi ɗaya ne a sama, sauran ƙungiya suna riƙe masa ƙasa. Haydn da Mozart, da yadda suke ɗaukar ƙaramin tunani su raine shi har ya girma, ba a taɓa wajen ba sosai. Ko "Icarus' Dream Suite" ta Yngwie, an gina ta ne a kan kiɗan da aka sani da Adagio na Albinoni, wanda masana suka nuna Remo Giazotto ne ya tsara shi ya wallafa a 1958. Wato abin da ya fi shahara a kunnen jama'a aka ɗauka, ba zurfin rijiyar ba.

Duk da haka akwai abu ɗaya da nake jinjina musu. Mawaƙan wancan zamanin suna ƙirƙira nan take a gaban mutane. A 1747 Bach ya je Potsdam, Sarki Frederick ya ba shi ɗan layin waƙa, ya zauna ya gina kiɗa a kansa a take. Makarantun kilasik na yau sun kusa rasa wannan, ɗalibi sai abin da ke kan takarda. 'Yan jitar nan ne suka dawo da ƙirƙirar nan take cikin wannan harshen kiɗa, kuma a gaban matasa dubbai.

Ummi Zariya:
Anti, maganar muryoyi masu amsa wa juna, kin saurari "Air" ta Jason Becker? Tana faifan Perpetual Burn na 1988. Babu ganga, babu ƙara, jitoci ne kawai ke bin juna. Bai kai shekara ashirin ba lokacin.

Anti Saratu:
Na saurara ƙanwata, kuma ita ce ta fi kusa da abin da nake nufi. Yaron ya ji Bach da gaske.

Mai Tsirkiya Shida:
Wane ne shi kuma? Ban taɓa jin sunan ba.

Ummi Zariya:
Yaya, labarinsa sai da dauriya. Akwai wani mutum a Kalifoniya, Mike Varney, wanda ya kafa kamfanin faya-faye na Shrapnel a 1980. A lokacin yana kuma da shafi a mujallar Guitar Player inda matasa ke aiko masa da kaset. Ta nan ya ji Yngwie ya kirawo shi Amurka, ya shiga ƙungiyar Steeler, daga nan Alcatrazz a 1983. Bayan Rising Force ya fito, har aka sa shi cikin 'yan takarar lambar yabo ta Grammy, sai Varney ya shiga fitar da matasa ɗaya bayan ɗaya: Vinnie Moore, Paul Gilbert da ƙungiyarsa Racer X, da Tony MacAlpine, baƙar fata wanda asalinsa ɗalibin fiyano ne, har yakan ajiye jita a tsakiyar faifai ya kaɗa Chopin, kamar a Maximum Security na 1987. A shekarar ne Becker da Marty Friedman suka fito da Speed Metal Symphony da sunan Cacophony.

Friedman ya tafi Megadeth suka yi Rust in Peace a 1990. Becker kuwa mawaƙi David Lee Roth ya ɗauke shi, kujerar mai jita da Steve Vai ya bari, wadda kowane matashi mai jita ke mafarki. Suna cikin aikin faifan A Little Ain't Enough ƙafarsa ta fara ɗingishi. Likitoci suka ce ALS ce, cutar da ke kashe jijiyoyin motsi sannu a hankali, suka ba shi shekara uku zuwa biyar. Ya ƙarasa faifan da tsirkiyoyi marasa kauri don hannunsa ya fara rauni, amma bai iya fita yawon kiɗan ba. Daga baya ya rasa tafiya, ya rasa hannu, ya rasa magana. Mahaifinsa ya ƙirƙiro masa allon haruffa da yake nunawa da ƙwayar ido, kuma da idon nan yake tsara kiɗa a kwamfuta, wasu su kaɗa masa. A 2018 ya fitar da Triumphant Hearts. Baban Hanifa, shi ya sa ban yarda cewa gudun ne kawai ba. An ɗauke wa mutumin nan yatsu gaba ɗaya, kuma kiɗan bai tsaya ba.

Baban Hanifa:
Allah Sarki. Allah Ya ba shi sauƙi, Ya saka wa iyayensa. 'Yata, a kan Becker ba ni da ta cewa, zan nemi "Air" ɗin. Amma ki lura da abin da kika faɗa da kanki, kamfani ɗaya yana fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Nan ne matsalar take. Abu ya zama gasa, kowa da kaset ɗin koyarwa, kowa yana ƙirga sauti nawa yake yi a daƙiƙa. Shi ya sa da Nirvana suka fito da Nevermind a 1991, matasan Amurka suka juya baya cikin ɗan lokaci. Ba don Kurt Cobain na Nirvana ya fi su hannu ba, ai bai kusa ba. Mutane sun gaji ne da kallon ƙwarewa, suna son wanda zai faɗi abin da ke damunsu.

Injiniya Habu:
A Amurka ne kasuwar ta faɗi, ba a duniya ba. Japan ba ta taɓa sakinsu ba, mujallun Young Guitar da Burrn! suka ci gaba da sa su a bango, Friedman ma can ya koma da zama a 2003. Yngwie ya yi babban kiɗansa na jita da okestira tare da makaɗan Czech Philharmonic a 1998, ya sake yin sa a gaban jama'a da New Japan Philharmonic a 2001. A Finlan akwai Stratovarius, inda Jens Johansson, wanda ya kaɗa kibod a Rising Force, ya koma a 1995, ga kuma Alexi Laiho na Children of Bodom da ya haɗa salon da metal mai tsananin zafi. A Birazil Angra suka saka layi daga kiɗa na 24 na Paganini a cikin "Angels Cry" a 1993. Sannan a 2005 wani matashi ɗan Taiwan, JerryC, ya mayar da Canon na Pachelbel kiɗan rok, wani ɗan Koriya ta Kudu ya kaɗa shi a ɗakinsa, bidiyon ya zama cikin waɗanda suka fara yin tashe a YouTube. Yara da yawa ta nan suka shigo.

Ɗan Damagaram:
Na ga har yanzu ba wanda ya ambaci Eddie Van Halen, alhali shi ne ya iso mana nan. "Eruption", 1978, bai kai minti biyu ba. Haifaffen Amsterdam ne, ya tashi a Pasadena, fiyanon kilasik aka fara sa shi, har yana cin gasa ba tare da ya iya karanta takardar kiɗa ba. A cikin "Eruption" akwai ɗan layi daga darasi na biyu na Kreutzer da kowane ɗalibin goge ke yi, sannan ƙarshen, inda yake danna tsirkiya da yatsun hannu biyu a kan wuyan jita, warware kod ne tsantsa. Ba shi ya fara dannawar ba, Steve Hackett na Genesis ya yi tun 1971, amma shi ya sa duniya ta gani.

Abin da ya sa na ce ya iso mana, Mdou Moctar na nan Nijar, Buzu mai kaɗawa da hagu, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke, ya faɗa cewa bidiyon Van Halen ya gani ya ɗauki dannawar nan. Amma ku saurari Afrique Victime na 2021. Bai ɗauko Bach ba, bai ɗauko Paganini ba. Dabarar hannun kawai ya ɗauka ya zuba ta cikin kiɗan Abzinawa, bisa tafarkin su Abdallah Oumbadougou. A ganina wannan ya fi kwafar Yngwie sauti bayan sauti daraja.

Kawu Bala:
Malam, a kan Mdou mun daidaita. A kan Van Halen kuwa, ni ba na sa shi cikin wannan zuriyar kai tsaye. Ya buɗe ƙofar bajinta, wannan gaskiya ne, amma in ka cire "Eruption", jininsa na buluz da raha ne, Eric Clapton yake ambata a matsayin gwaninsa. Su Uli Jon Roth da Rhoads da Yngwie duhu da alhini suke nema.

Ɗan Damagaram:
Kawu, ban ƙi ba, amma ba don shi ba, da kamfanoni ba su saurari kaset ɗin yaro daga Suwidin ba.

Ummi Zariya:
Wani abu da ke ba ni mamaki, yadda maganar shaiɗan ke bin wannan kiɗan tun daga Paganini. Mutanen zamaninsa sun yi ta yaɗa cewa ya sayar da ransa ne ya samu hannun, har coci ta hana a binne shi a maƙabartarta da ya rasu, sai 1876 aka kai gawarsa maƙabarta a Parma. Fim ɗin Crossroads na 1986 ma a kan haka aka gina shi, Steve Vai ya fito a matsayin makaɗin shaiɗan, kuma da kiɗan da aka ɗora a kan na biyar cikin gajerun kiɗan Paganini 24 yaron fim ɗin ya kayar da shi.

Kawu Bala:
'Yata, ai ko a nan haka ake yi wa mai goge. Da zarar hannunsa ya wuce na sauran, sai a ce ba shi kaɗai ba ne, da iskoki a tare da shi, ba a ganin shekarun da ya yi yana gogawa shi kaɗai a zaure. Paganini tun yana ƙaramin yaro mahaifinsa ke tsare shi a kan goge awa da awanni. Kuma ya iya jita sosai, ya rubuta mata kiɗa da yawa, abin da mutane da dama ba su sani ba.

Mai Tsirkiya Shida:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Saura rabin tambayata. Ta ina zan fara? Kuma na ga an ce Yngwie yana rarake katakon da ke tsakanin firet, shi ne sirrin gudun. In kai tawa a rarake?

Injiniya Habu:
Kada ka taɓa jitarka, ƙanena. Rarakewar ba ta ƙara gudu, hasali ma tana ƙara wuya, domin yatsanka ba ya taɓa katako, in ka danna da ƙarfi kaɗan sautin ya haura ya kauce. Amfaninta shi ne kama tsirkiya da kyau wajen ja da girgizawa. Yngwie a wata tsohuwar garayar Turawa da aka kawo gyara shagon da yake aiki ya ga haka, Blackmore ma ya riga shi yi, kuma in an rarake ba a mayarwa. Abin da za ka iya kwaikwaya ba tare da asara ba shi ne sassauta dukkan tsirkiyoyi da rabin mataki, wato firet ɗaya, kamar yadda yake yi, da sa marasa kauri. Ka rage ƙarar amfilifaya lokacin koyo, don ƙara mai yawa tana ɓoye kuskure. Ka riƙa ɗaukar kanka a waya kana saurara.

Anti Saratu:
Ni kuma shawarata kada ka fara da Yngwie. Fara da "Dee", sannan layin farko na "Mr. Crowley", don ka koyi inda jimla ke farawa da inda take sauka. Ka sauke metironom, mai ƙidaya maka bugu, a wayarka, ka sa shi a bugu 60 a minti, ka hau tsanin nan na A da na rubuta a sama, kana rera kowane sauti da bakinka kafin ka kaɗa shi. Kada ka ƙara sauri sai ka yi shi sau da yawa a jere ba tuntuɓe. Salon shara kuma ka fara da tsirkiya uku, ba biyar ba. In ka samu takardar ƙananan kiɗan Bach masu murya biyu da ya rubuta wa ɗalibansa, ka koyi murya ta sama, ka ɗauka a waya, ka kaɗa ta ƙasa a kanta.

Baban Hanifa:
Ka kuma ware lokaci kullum ka riƙe sauti ɗaya tak kana girgiza shi har ya mutu. A kan wannan ko Kawu ba zai musa min ba.

Kawu Bala:
Ba zan musa ba. In ka kama na "Mr. Crowley", ɗana, ka ɗauko mana a nan mu ji, Anti ta duba maka ƙidayar bugun.